Zauren Likita: Ciwon Bayan da Ke Hana Barci da Wanda Ake Wayar Gari da Shi

Wasiƙun da suka shigo mana a wannan wata rabinsu kuka ɗaya suke yi: an kwanta don a huta, gari ya waye baya ya fi jiya ciwo. Mun zaɓo bakwai daga ciki, mun ɗan taƙaita su saboda ƙarancin fili.

Assalamu alaikum. Ni tela ne, shekarata 38. Kusan wata biyu ke nan kullum da asuba nake tashi kwankwasona a ƙage, sai na dafa bango kafin in miƙe. In na taka zuwa masallaci na dawo sai ya sake ni. Ban faɗi ba, ban ɗauki kaya mai nauyi ba. Me ke kawo haka?
*Wani tela daga Zariya*

Wa alaikumus salam, malam. Abin da ya fi kwantar mana da hankali a wasiƙarka shi ne cewa ciwon yana sakinka da ka taka. Ciwon da ke tafiya cikin ƙasa da rabin awa bayan an motsa jiki, galibi na tsoka ne da gaɓoɓi, kuma gyaransa a gida ake fara shi.

Ƙashin baya jerin ƙananan ƙasusuwa ne, 24 daga cikinsu masu motsi: 7 a wuya, 12 a gadon baya, 5 a kwankwaso. Tsakanin kusan kowane biyu akwai wani faifai na guringuntsi mai ruwa-ruwa a tsakiyarsa. Da rana nauyin jiki yana matse ruwan ya fita, da dare in an kwanta faifan ya sake tsotsarsa ya cika. Shi ya sa mutum ya fi tsawo da safe da kamar santimita 1 zuwa 2. Faifan da ya cika tam ba ya son lanƙwasa, don haka awar farko bayan tashi ita ce lokacin da sunkuyo ya fi takura kwankwaso. Ka haɗa wannan da tsokar da ta wuni a dunƙule a kan keken ɗinki, ta kuma kwana ba motsi, ga sanyin asuba, ka ga inda ƙagewar take fitowa.

Fara da kwanciya. In ta gefe kake kwanciya, kamar yadda akasarinmu muka saba ta hannun dama, ka lura ƙafar da ke sama takan zame ta faɗo gaba, ta ja ƙugu ta murɗa kwankwaso har gari ya waye. Ka ɗan tanƙwashe gwiwoyi, ka sa filo a tsakaninsu. Kaurinsa ya kai yadda gwiwar sama za ta daidaita da ƙugu, kamar santimita 10 zuwa 15 bayan ya danne, kuma gara dogo wanda zai kai har idon sawu. Filon kai ya cike tazarar da ke tsakanin kunne da kafaɗa, yadda hanci zai yi saiti da tsakiyar ƙirji. In akwai rami tsakanin kwiɓinka da katifa, naɗe ƙaramin tawul ka cusa. In kuwa rigingine kake yi, filon a ƙarƙashin gwiwoyi zai shiga, na kai kuma ya zama marar tudu, kada haɓa ta doki ƙirji. Filon zai riƙa zamewa cikin barci a kwanakin farko. Duk sanda ka farka ka mayar da shi, nan da mako biyu jiki ya saba.

Sai tashi, a nan ne mutane da yawa ke ji wa kansu. An ji kiran salla, a zabura a tashi zaune daga rigingine, duk nauyin ya faɗa kan kwankwaso. Kafin ka sauko, ba wa kanka minti uku. Kana rigingine, tafin ƙafa a kan katifa, ka karkatar da gwiwoyi biyu dama da hagu a hankali sau 10. Ka jawo gwiwa ɗaya zuwa ƙirji ka riƙe daƙiƙa 20, ka sauya. Ka danna kwankwaso ya manne da katifa daƙiƙa 5, ka saki, sau 10. Sannan ka mirgina gefe kafaɗa da ƙugu su juya tare kamar gungume, ka matso bakin gado, ka sauke ƙafafu ƙasa a daidai lokacin da kake tura jikinka sama da gwiwar hannu da tafin ɗaya hannun. Zauna rabin minti, ka miƙe. Mai kwana a ƙasa kuma ya mirgina, ya koma kan hannaye da gwiwoyi, ya kafa ƙafa ɗaya, ya dafa cinya ya tashi.

Wajen alwala, zauna a kan 'yar kujera, ka ɗago ƙafar zuwa gare ka maimakon ka bi ta da sunkuyo. A ruku'u, ka lanƙwasa daga ƙugu baya a miƙe, hannaye su ɗauki nauyi a kan gwiwoyi, wanda shi ne ma yadda malamai ke koyarwa. Ranar da abin ya matsa, addini ya ba da sauƙin yin salla a zaune.

A shago, kada ka wuce minti 30 zuwa 40 a kan keke ba ka miƙe ka taka ba. In ka yi sati shida kana kiyaye waɗannan ba sauyi, sai ka ga likita ko ma'aikacin gashin ƙashi.

Likita, an ce in bar katifa in koma tabarma, wasu kuma sun ce in sayi katifa mai tauri irin ta asibiti. Tawa ta yi shekara 11, tsakiyarta ta lotsa. Wanne zan bi?
*Wata Hajiya daga Katsina*

Hajiya, katifarku ta gama aikinta. Katifar soso ta kirki shekara 7 zuwa 10 take yi, mai arha ba ta kaiwa ko kusa. In kuna son tabbatarwa, ku cire zanen gado, ku gitta miƙaƙƙen katako a faɗinta. In yatsu biyu a jere suka shige ƙarƙashinsa a inda kuke kwanciya, wato ramin ya kai santimita 3 zuwa 4, to ƙugu yana nutsewa baya ya kwana a karkace. Wata alamar kuma: in kun kwana a gidan biki ko wajen 'ya'ya kun tashi garau, kun dawo gida ciwo ya dawo.

Amma maganar cewa iya tauri iya lafiya ba ta tabbata ba. A 2003 an buga wani bincike da aka yi a ƙasar Sifen a kan mutum 313 masu daɗaɗɗen ciwon kwankwaso. An raba musu katifu, wasu mai tauri sosai, wasu matsakaiciya, bayan kwana 90 masu matsakaiciyar suka fi samun sauƙi a kwance da lokacin tashi. Dalilin a fili yake. Jikin mutum ba katako ba ne, kafaɗa da ƙugu sun fi kwiɓi faɗi. Shimfiɗa mai tauri ba ta barin su ɗan nutse, sai kwiɓi ya rataya babu abin da ya tokare shi, ƙashin ƙugu kuma ya kwana yana gugar ƙasa. Wanda ya tashi a kan tabarma tun yarinta kuma yana jin daɗinta, ba mu ce ya bari ba. Amma mai shekaru da ya saba da gado, komawa ƙasa kan ƙara masa ciwon ƙugu, ga wahalar tashi.

In za ku saya, kada kunya ta hana ku kwanciya a kanta a shago na minti 10. Ku yi rigingine, ku zura tafin hannu ƙarƙashin kwankwaso. In ya wuce salin-alin da sarari, ta yi tauri. In ya ƙi shiga sam, ta yi laushi. Wadda hannu zai shiga da ɗan matsi ita ce taku. Ku ɗaga ta ku ji nauyi, domin tsakanin katifu biyu masu girma ɗaya, mai nauyin ta fi cikar soso, ta fi jimawa ba ta lotsa ba. Kauri inci 6 zuwa 8 ya ishi babban mutum.

Ku duba gadon ma. Sau da yawa katifar ba ta da laifi, katakan ƙasa ne ɗaya ya karye ko suka yi nisa da juna. Tazararsu kada ta wuce faɗin yatsu huɗu. In kuɗin sabuwa bai samu ba tukuna, a shimfiɗa falankin katako a ƙarƙashi, a juya katifar kai ya koma ƙafa, sama ya koma ƙasa, duk wata uku. Wannan jinkirta lalacewa yake yi, ba ya tayar da soson da ya riga ya mutu.

Ni in ba rub da ciki na yi ba barci ba ya ɗaukata, ga shi ina tashi da ciwon wuya da kwankwaso.
*Wani ɗalibi daga Damagaram*

Rub da ciki yana zurfafa lanƙwasar kwankwaso, ya kuma bar wuya a murɗe awanni, ban da cewa kwanciya ce da malamai ke hanawa. Ka koma gefe, ka rungumi dogon filo ka ɗora gwiwar sama a kansa, zai ba ka irin jin da ka saba. Daren da ka kasa, sa siririn filo a ƙarƙashin mara, ka cire na kai.

Cikina wata bakwai. Da dare baya da ƙugu suna hana ni juyi, da safe kuma in na yi shara sai in kasa miƙewa. Zan iya shan maganin ciwon jiki?
*Wata uwargida daga Gusau*

Allah ya raba lafiya, 'yar'uwa. Nauyin ciki yana jan kwankwaso gaba, jijiyoyin da ke ɗaure ƙashin ƙugu kuma suna sassautawa don shirin haihuwa, shi ya sa juyi ke zafi. Daga sati 28 zuwa sama, ki riƙa fara barci ta gefe, dama ko hagu. Rigingine a wannan lokaci yana sa mahaifa ta danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya, jinin da ke isa ga jariri ya ragu. In kin farka kin tsinci kanki a rigingine, ki juya kawai, kada ki tayar da hankalinki. Filo uku kike buƙata: ɗaya tsakanin gwiwoyi, ƙarami a ƙarƙashin ciki, ɗaya a bayanki ya tokare ki. In za ki juya, haɗe gwiwoyi da filon a tsakani, ki juya gaba ɗaya.

Sharar safe da gajeriyar tsintsiya, a duƙe daga soro har madafa, ita ce mafi munin abin da za a fara yi wa baya da sassafe, ko da ciki ko babu. Ki ɗaura wa tsintsiyar sanda, ko ki bari sai hantsi, ko yara su karɓe ki. Wanke-wanke kuma a ɗora bahon a kan turmi ko benci.

Game da magani, kada ki sha ibuprofen, diclofenac ko piroxicam. Suna iya taɓa ƙodar jariri su rage ruwan da yake ciki, a watannin ƙarshe kuma su taɓa magudanar jinin zuciyarsa. Paracetamol ne ake yarda da shi, shi ma ki faɗa wa ma'aikatan awo. Ciwon baya mai zuwa yana tafiya a kan lokaci, ciki yana tamkewa, ko aka ga jini ko ruwa, ko zazzaɓi da zafin fitsari, wannan ba na filo ba ne. Ki tafi asibiti a ranar, ko da watan haihuwa bai kama ba.

Wata uku ke nan kullum da dare sai na sha haɗin da mai kemis ke ƙulla min, ƙwaya biyar a leda, sannan nake iya barci. Yanzu fuskata ta cika, ƙirjina yana zafi. Abokai sun ce basir ne ke sa ciwon bayan.
*Wani direban Keke Napep daga Kano*

Malam, wasiƙarka ta fi sauran tayar mana da hankali. Irin wannan ƙulli yakan ƙunshi magungunan kashe zafi iri biyu ko uku masu aiki ɗaya, a ƙara da dexamethasone ko prednisolone, wani lokaci har da tramadol. Cikar fuska alama ce ta dexamethasone da danginsa, waɗanda in aka daɗe ana sha suke kawo ciwon suga da hawan jini, su kuma rage ƙarfin ƙashi, har shi ƙashin bayan da ake son gyarawa. Zafin ƙirji kuwa gargaɗi ne na gyambon ciki. Ka ɗauki leda ɗaya ka kai wa likita cikin makon nan ya ga abin da ke ciki. Wanda ya yi watanni yana shan dexamethasone ba a yanke masa shi dare ɗaya, a hankali ake ragewa, in ba haka ba jiki na iya rikicewa. In ka ga baƙin bayan gida kamar kwalta ko aman jini, kada ka jira gari ya waye.

Ga mai lafiyayyen ciki da ƙoda, wanda ba shi da hawan jini, ƙa'idar ita ce magani ɗaya tak daga dangin magungunan kashe zafi, misali ibuprofen miligiram 400 bayan cin abinci, kada ya wuce sau uku a rana, na 'yan kwanaki. Paracetamol shi kaɗai bai cika yin wani tasiri a ciwon kwankwaso ba, kuma babba kada ya haura giram 4 a yini. Abin da ya fi aminci kafin kwanciya shi ne gashi: ruwan ɗumi a gora, a naɗe da tawul, a ɗora minti 15 zuwa 20, a cire kafin barci ya ɗauke. Mai ciwon suga ya gwada zafin da hannu tukuna, don fatarsa na iya ƙonewa bai ji ba.

Basir ciwon dubura ne, ba ya ƙage kwankwaso. Naka ya fi kama da na girgizar hanya da dogon zama. Sa naɗaɗɗen tawul a bayan kwankwaso a kan kujerar keke, cire walat daga aljihun baya, ka riƙa sauka kana takawa tsakanin lodi. Bel ɗin ɗaure ƙugu da ake tallarsa ma, jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023 kan daɗaɗɗen ciwon kwankwaso ba ta goyi bayan amfani da shi ba. Ƙaho yakan ba wasu sauƙi na ɗan lokaci, amma in za a yi tsaga, sai da sabuwar reza, saboda ciwon hanta da ƙanjamau.

Shekarata 26. Fiye da shekara guda ciwo a ƙasan baya da ɗuwawu yana tashe ni wajen ƙarfe uku na dare, sai na sauko na zagaya tsakar gida. Da safe ina fin awa guda a sandare. In na buga ƙwallo ina jin daɗi, in na huta abin ya dawo. Na sauya katifa, ba sauyi.
*Wani matashi daga Jos*

Ka ajiye batun katifa. Ciwon tsoka hutu yake so, naka kuwa hutu ne ke tayar da shi. Ciwon da ya fara kafin shekara 45, ya wuce wata uku, yake tayar da mutum a rabin dare na biyu, sandarewar safe ta haura rabin awa, motsi ya sauƙaƙa shi, yana nuni ga kumburin gaɓoɓin ƙashin baya da na mahaɗar ƙugu, wanda garkuwar jiki ke haddasawa. Mutane kan yi shekaru ana ce musu sanyi ne, alhali in aka bar shi ƙasusuwan na iya mannewa da juna baya ya daina lanƙwasuwa.

Je babban asibiti, ka jera wa likita alamomin nan kamar yadda ka jera mana. Ka faɗa masa in kana ciwon diddige, ko ido ya taɓa yi maka ja da zafi, ko wani a dangi yana da irinsa. Zai nemi gwajin jini na kumburi da hoton mahaɗar ƙugu. Hoton ƙashi na yau da kullum yana iya fitowa lafiya a shekarun farko, sai na MRI, na'urar da ke ɗaukar hoton cikin jiki dalla-dalla, ke nunawa. Ƙwallon da tafiyar kada ka bari, suna cikin maganin. In kana shan taba, yanzu ne lokacin rabuwa da ita.

Mahaifinmu, mai shekara 61, wata huɗu yana fama da ciwo a tsakiyar baya. Ko ta ina ya juya ba sauƙi, da dare ya fi tsanani. Yana jiƙa shimfiɗa da gumi, ya rame, kwanan nan kuma yana cewa ƙafafunsa sun yi nauyi. Wane irin kwanciya ya kamata ya yi?
*Wani magidanci daga Azare*

Allah ya ba Baba lafiya. Ba gyaran kwanciya yake buƙata ba, ku kai shi asibiti yau. Ciwon da bai san juyi ba, ga gumin dare da rama, abu na farko da ake zargi a ƙasarmu shi ne tarin fuka, wato tibi, da ya shiga ƙashin baya. Ba lallai ne a ji yana tari ba. Ƙwayar cutar tana cin ƙashi da faifan da ke tsakani, ƙashin ya rufta ta gaba, shi ne ƙusumbin da ake gani ya fito wa mutum da girmansa. Ruɓar da ta taru tana danne laka, nauyin ƙafar da Baba ke faɗa ke nan, kuma kwanakin da aka ɓata suna iya zama bambancin tafiya da ƙafa da zaman guragu. Maganin tibi kyauta ne a cibiyoyin gwamnati a Najeriya, na ƙashi yakan kai shekara guda ana sha, kuma ba a tsayawa don an ji sauƙi.

Likita zai duba wasu abubuwan ma. A shekarunsa, ciwon dajin da ke farawa a ƙasan mafitsarar maza yakan bazu zuwa ƙashin baya, kamar yadda na mama ke yi wa mata, don haka ku faɗa in fitsari yana ba shi wahala. In makiyayi ne ko mai shan madarar da ba a tafasa ba, ku ambata, akwai cutar dabbobi da ke kawo zazzaɓi mai zuwa yana komawa tare da ciwon baya. Kafin ku isa, kada a kai shi wurin maɗori, kada a taka masa baya ko a ja shi, ƙashin da cuta ta riga ta ci ba ya ɗaukar matsi. A mota a kwantar da shi a miƙe, in za a ɗaga shi mutum uku su tallafi kafaɗa da ƙugu da ƙafafu lokaci guda.

In fitsari ya tsaya masa ko yana zuba bai sani ba, ko bayan gida ya kuɓuce, ko ya daina jin taɓi a tsakanin cinyoyi da wajen zama, ko ƙafa ta ƙi ɗaguwa, ku wuce kai tsaye sashen gaggawa na asibitin da ke da likitan ƙashi ko na laka, irin asibitin koyarwa da ke Bauchi ko asibitin ƙashi na Dala a Kano, ko da tsakar dare ne. Ku riƙe duk katunan asibiti da ledojin magungunan da ya sha cikin wata huɗun nan.